Kifi Mai Cin Sa a Randar Inna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci na tudu da na cikin ruwa, Ya kuma raba wa kowa abincinsa.

Kwanakin baya jikana ya faɗo ɗakina a nan Rusaifa da waya a hannu, yana cewa, "Ya jaddi, shuf, shuf wannan!" wato kaka, dubi wannan. Yaran yanzu Hausa ta zama musu gishiri a miyar Larabci. Na gyara tabarau na duba. Wani fim ne na Turawa. Mutum ya faɗa kogi, ruwa ya hau tafasa, ya yi jawur, kafin ka ce kwabo sai ga ƙasusuwa suna nutsewa. Ya ce ƙananan kifaye ne suka yi wannan aiki, sunansu firana. Ni kuwa dariya ta kama ni har sai da ta koma tari. Na ce masa ai wannan kifin baƙonmu ne, ya taɓa kwana a randar mahaifiyata, a nan Makka inda ko kududdufi babu. Yaron ya dube ni irin kallon da ake wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya fita abinsa. To kai mai karatu, tunda shi ya ƙi zama, kai zauna ka ji.

Gidanmu yana gefen dutse ne, ta wajen Masfala, a cikin unguwar mutanenmu da ake kira Takari. Rabinsa ginin dutse da laka, rabinsa kuma garewanin kananzir da aka fasa aka shimfiɗe aka buga a jikin itace. A lokacin an gama yaƙin Turawa na biyu ba da jimawa ba, ni kuma ban fi shekara goma ba, ina zuwa makarantar allo da safe, da yamma ina taya mahaifina. Shi ɗan garuwa ne. Yana saɓa sanda a kafaɗa da garwa biyu, ya sauka bazan, wato famfon gari, ya hawo da ruwa gida gida. Saboda haka na tashi na san darajar ruwa. Wanda aka wanke shinkafa da shi a ba akuya, wanda aka yi alwala da shi a zuba wa ɗan tsiron rihanin Inna. Ruwan da ya fi ƙarfin garwa kuwa ba mu san shi ba, sai fa in an yi ruwan sama ya gangaro daga duwatsu a fusace, kafin gari ya waye ya wuce.

Amma a cikin gidan nan akwai mutumin da kogi ke gudu a bakinsa, shi ne kakana, mahaifin Inna. Masunci ne ɗan masunci daga ƙasar Kabi. Da ƙafa ya taho, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, suna tafiya suna yada zango, ya yi su a tafkin Cadi su sami guzuri, ya yi noman ƙodago a Sudan su ƙara gaba. A can Sudan ɗin matarsa ta rasu, ya binne ta a gefen hanya, ya ɗauko Inna da ƙanenta ya ƙaraso da su. Tun da ya ga Ɗakin Allah bai sake ganin kifi mai rai ba. Hannunsa dai bai manta ba. Kullum yana zaune a kan buzu a bakin ƙofar ɗakinsa yana saƙa ragayar rataye tulu, da irin ƙullin da ake wa taru. In ya bushi iska sai ya kira ni, "Aboki, zo in ba ka kifi." Ya lissafo mini su ɗaya ɗaya: giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi, minjirya mai girgiza mutum har haƙori, gaiwa da ke kwana cikin busasshen taɓo ta jira damina, da tsage mai haƙora a waje kamar kare. Ni kuwa kifin da na sani shi ne na Jidda, wanda ake kawowa a bushe, gishiri ya yi masa fari.

Ƙanen Inna, wato kawuna, ban san shi ba sai a labari, labarin ma a ɓoye. Yana saurayi ya tafi Jidda dako, wata rana ya hau jirgin ruwa na Turawa ya zama mai zuba wa injin kwal, bai nemi izinin kowa ba. Kaka bai yi masa baki ba, Allah Ya tsare. Sai dai ya cire sunansa daga bakinsa. Na taɓa jin yana gaya wa mahaifina cewa ya bar ƙasar ubansa, ya bar mata a cikin rairayi, don 'ya'yansa su mutu a maƙwabtakar Ɗaki, sai ga ɗaya ya juya wa Ɗakin baya ya bi hayaƙi. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

Sai wata rana cikin sanyin Makka, lokacin da ake neman mayafi da asuba, muka ji sallama a ƙofa. Wani dogon mutum ne baƙi, da wandon Turawa, rungume da garwa an ɗaure bakinta da buhu. Inna ta saki muciya ta fashe da kuka. Ya ajiye garwar a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya je gaban Kaka ya durƙusa ya yi sallama. Kaka ya amsa sallamar, don amsa ta wajibi ce, ya ci gaba da saƙarsa. Bai ƙara ko harafi ba.

Da yamma na ji Kawu yana yi wa Inna magana a madafa. Jirginsu yana Jidda ana gyara, da an gama zai tashi. Ya ce, "Yaya, na ga yadda ake jefa gawa a teku, a naɗe a buhu. Ba na so a jefa ni alhali tsohon nan bai sa mini albarka ba. In ban same ta wannan karon ba, ban san ko akwai wani karon ba." Inna ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ai ya zo da abin da zai buɗe bakin tsoho.

Ya kwance buhun, muka leƙa. Subhanallahi! Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Kifi ne mai rai, faɗinsa kamar tafin hannun babban mutum, jikinsa na walƙiya kamar an barbaɗa masa garin azurfa, cikinsa kuwa ja kamar garwashi. Haɓarsa ta ƙasa ta turo gaba, irin ta dattijon da aka ɓata wa rai. Yana tsaye a cikin ruwan yana kaɗa fikafikai, yana kallonmu da jan ido. Na yi tsalle, na yi ihu, na rasa inda zan sa kaina. Kawu ya ce daga wani kogi ya ɗauko shi a ƙasar Barazil, kogin da in kana wannan gaɓa ba ka hango waccan. Ya ɗauki garwar ya kai gaban Kaka ya ce, "Baba, ga kifin gulbi na kawo maka." Na ga hannun Kaka ya tsaya a kan ƙulli. Sai ya gyara zama ya juya wa garwar baya.

Ina ganin zafin wannan ne ya kai Kawu ga abin da ya biyo baya. Da mutum ya rasa kunnen da yake so, sai ya nemi kowane kunne. Kafin isha'i maƙwabta sun cika gidan, Kawu ya tsaya a tsakiyarsu yana ba da labari. Ya ce a can in sa ya shiga kogi shan ruwa, kafin ka karance Fatiha babu komai sai ƙahoni da ƙashi. Mata suka hau salati. Washegari a gidan shayi sa ɗin ya zama raƙumi. Jibi kuma na ji wani yaro a makaranta yana rantsuwa cewa kifin gidanmu ya cinye matuƙin jirgi da hularsa. Ni da ya kamata in ƙaryata, sai na ƙara da cewa har da takalmansa. Malam ya tsawata mana, amma da aka tashi ya kira ni gefe ya tambaye ni ko gaskiya ne yana da haƙora. Wata tsohuwa a unguwar ta aiko a gaya wa mahaifina kada ya sake kawo mata ruwa sai ya tabbatar kifin bai yi ƙwai a garwarsa ba. Ba wanda ya iya riƙe sunan firana. Kowa kifi mai cin sa yake cewa.

Akwai wani mahauci a bakin unguwa, mutumin Kano, gajere mai ƙaton ciki, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Shi ne ya tare Kawu a gaban jama'a. Ya ce, "Kai ɗan jirgi, ni na san abin da ake sha kafin a feɗe sa. Wannan ɗan abin naka da bai kai soyayyen ƙwai ba? Ranar Juma'a in an sauko zan kawo ƙafar rago. In ya taɓa ta, ni zan ɗauke ka a kafaɗa har unguwar Jarwal." Kawu ya ce ya yarda. Labari ya bazu har unguwar Jawa da ta Bukhari.

Yanzu ga inda muka yi kuskure, ni da Inna, kuma da kyakkyawar niyya muka yi shi. A Makka babu karamcin da ya wuce ruwan sanyi. Baƙo ko sarki ne, kafin gahawa, kafin dabino, ruwan sanyi ake miƙa masa. Mace kuma ana gane tsabtarta da randarta, wadda mutanen nan ke kira zir. Inna tana da wata randa da take ji da ita, tana turara ta da wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira mastika, ta ajiye ta a lungun da iska ke ratsawa. Ta dubi garwar Kawu, duk tsatsa da baƙin kwal, ta ce, "Mutane za su cika gidan nan, su tarar da baƙon da ya keto tekuna a cikin wannan ƙazanta? A ce gidan wa?" Ranar Laraba Kawu yana can gidan shayi, muka wanke randar, muka cika ta da ruwan bazan, muka tuttule kifin a ciki. Inna ta naɗe randar da jiƙaƙƙen buhu. Ni kuma na zauna ina yi mata fifita, ina yayyafa wa buhun ruwa duk sanda ya fara bushewa. Ga sanyin gari, ga iskar lungu. Kafin Alhamis ruwan nan in ka sha sai haƙoranka sun amsa. Muna ta murna. Da Kawu ya gani shi ma ya ji daɗi, ya ce yayarsa ta fitar da shi kunya. Kifin ya daina zagaye, ya koma ƙasa ya lafe, ya ƙi ɗan naman da nake jefa masa. Muka ce hutawa yake, yana tara yunwa.

Ranar Juma'a da aka sauko daga Harami, ban taɓa ganin gidanmu haka ba. Tsakar gida ta cika, zaure ya cika, yara sun hau katanga, mata suna leƙe ta saman rufin maƙwabta, har wani mai sayar da dafaffen waken balila ya kafa tukunyarsa a ƙofa. Aka jawo randar tsakiya. Kaka yana bakin ƙofarsa a kan buzu, ya ba taron baya, yana saƙa. Mahauci ya shigo yana ɗaga ƙafar rago sama kamar tuta. Kawu ya ɗaure ta da igiya, ya ce kowa ya ja baya, ya yi bisimilla, ya zura.

Kowa ya zuba ido. Muna jiran ruwa ya tafasa.

Ruwa bai ko motsa ba. Kawu ya jijjiga igiyar. Shiru. Ya ɗaga, ya sake saukarwa har naman ya taɓa bakin kifin. Sai kifin ya karkata gefe guda, jan cikinsa ya koma fari fari, ya fara tasowa sama a hankali kamar ganye.

Mahauci ya leƙa ya ce, "To, ɗan jirgi, ko azumi yake? Ko kuwa sai an dafa masa?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wallahi ragon ne zai cinye shi." Wani Balarabe daga baya ya ce, "Ya sheikh, hada mayyit, ya mutu!" Yara a kan katanga suka ɗauka da waƙa. Na dubi Kawu. Bai kula da dariyar ba sam. Randar yake kallo. Abin da ya yi tsammanin zai buɗe masa bakin mahaifinsa ne ke mutuwa a gabansa, mahaifin bai ko dube shi ba.

Sai muka ji murya daga baya. "Mi kunka yi mishi?"

Kaka ne, a tsaye. Mutane suka dare. Ya tako har bakin randar, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwa. Mata suka ƙwalla ƙara, Inna ta ce, "Baba, hannunka!" Ko gezau. Ya ɗan jima hannunsa a ciki, ya fitar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yas sa kifin gulbi cikin ruwan randa? Ɗari ka kashe shi."

Inna ta ce ita ce, don ta girmama shi. Kaka ya ce kifi ba alhaji ba ne. Ya ce ko a gida in ɗari ya sauka kifi ba ya cin ƙugiya, kwanciya yake a ƙasan ruwa. Sannan ya juya, ya dubi Kawu ido cikin ido, karo na farko tun dawowarsa, ya ce, "Kai, a jirgin ina ka aje shi?"

Da ƙyar Kawu ya ce kusa da tukunyar injin, inda yake aiki, don kada shugabansu ya gani ya zubar.

"Wurin da zahi?"

"Kamar tanda, Baba."

"To shi ya raya ma shi, ba wayonka ba. Ɗauko garwarka."

Daga nan gidan ya zama na Kaka. Ya aike ni in kawo garwar mahaifina da ta wuni a rana. Ya hana a juye kifin gaba ɗaya, ya ce sauyin ruwa farat ɗaya shi ma kisa ne. Yana ɗiban na randa da moɗa, yana haɗawa da mai ɗumi, yana gwadawa da bayan hannu. Ya sa Kawu ya riƙe garwarsa, ni ina zubawa, sannan aka mayar da kifin cikinta a hankali. Ya kori jama'a baya, ya ce wa mahauci, "Kai mai ciki, kau da inuwarka. Kifi in ya ga inuwa bisa kansa, tsuntsu yake zato." Mahaucin da ba a taɓa rufe wa baki ba ya koma jikin katanga ya rakuɓe. Aka rufe rabin bakin garwar da faifai. Babu wanda ya tafi. Har aka kira la'asar mutane suka yi salla a nan tsakar gida da cikin lungu, suka dawo suka tsaya.

Ni ne na fara gani. Wutsiyar ta kaɗa. Kifin ya miƙe daidai, ya yi zagaye ɗaya, ya shige ƙarƙashin inuwar faifai. Na yi ihu, "Ya tashi! Ya tashi!" Gida ya ɗauki kabbara. Jan cikinsa ya fara dawowa kamar ana hura wuta.

Kaka ya jira har ya ga ya yi ƙarfi. Sai ya ce bari ya ga baƙon da kyau. Ya ɗauko ragayar da yake saƙawa, ya zura, ya kwaso shi da juyi ɗaya, irin juyin da hannu ba ya mantawa. Yana fitowa daga ruwa sai kifin ya yi wani kuka, gwaf, gwaf, kamar ɗan kwikwiyo. Yaran katanga biyu suka faɗo. Kaka ya riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya nuna mini wani ɗan fiffike na tsoka zalla, marar ƙaya, kusa da wutsiya. Ya ce, "Ka gani, aboki? Tsage na da irin wanga. Danginsu guda." Sannan ya kai babban yatsa zai ɗaga leɓen don ya ga haƙoran.

Ban ga sanda abin ya faru ba. Ƙas kawai na ji, kamar an rufe almakashi. Sai ga jini. Kifin ya cire tsoka daga kan yatsan Kaka, zagayayya, tsaf, kamar an yanke da aska. Kaka ya sake shi ya faɗa garwa. Gida ya hargitse. Mata na salati, mahauci ya yi waje da gudu ya bar takalmi, Kawu ya cafke hannun yana cewa, "Baba! Baba, ka yafe ni!"

Kaka kuwa dariya yake. Wallahi dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga yatsan yana nuna wa mutane, jini na gangarowa zuwa gwiwar hannu. Ya ce, "Ku duba! Kifi ya cije ni! A Makka! Rabona da wanga tun ina da baƙin gashi." Ya dubi ɗansa ya ce, "Ashe ba wasa ka ɗauko ba. Zamna nan. Gaya mini gulbin nan nasu, wane launi ruwansa?"

Inna ta ɗaure yatsan da garin gahawa da tsumma. Jama'a suka watse da labarin da ya fi wanda suka zo nema, kafin magariba an ce hannun duka ya tafi. Su kuwa biyun suna kan buzu ɗaya, ni ina tsugune a gabansu. A nan na ji labarin gaskiya. Kawu ya ce bai taɓa ganin an cinye sa ba, a bakin 'yan jirgi ya ji. Abin da ya gani da idonsa, yara suna wanka a kogin, mata suna wanki, kifin na nan a ƙarƙashinsu. Mutanen wurin suna kama shi su yi miya, su ajiye muƙamuƙinsa suna yanke zare da gashi da shi. Sun gaya masa ana tsoronsa ne da rani, in ruwa ya janye ya bar su a ƙaramin tafki da yunwa, ko kuma in an jefo shi cikin kwalekwale yana fisge fisge. Ya ce yawancin masuntan da ya gani akwai tabo a yatsunsu. Kaka ya ɗaga nasa yatsan ya ce to ya shiga sahu. Ya tambaya ko da yawa suke tafiya. Kawu ya ce garke garke. Kaka ya gyaɗa kai ya ce kifin da ke taruwa haka akwai abin da ke cinsa, tsoro ke tara su. Kawu ya ce ƙwarai, akwai kada, akwai manyan tsuntsaye.

Can Kaka ya ce, "A teku ruwan gishiri ne. Ina ka samo mishi ruwan daɗi duk tsawon tahiyar?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce ana ba kowane ma'aikaci nasa na sha a gwangwani. Shi yake rabawa biyu.

Kaka ya san zafin da ke gaban wuta, ya kuma san ƙishirwa, shi da ya keta Sudan da ƙafa. Ya miƙa hannun nan mai tsumma ya ɗora a kan ɗansa, ya bar shi a nan har aka kira salla.

Da saƙo ya zo cewa an gama gyaran jirgi, Kaka da kansa ya ce zai raka shi. Ya sa farar rigarsa, ya dogara sanda, muka gangara har tashar motocin Jidda. A can ya riƙe kan Kawu da hannu biyu, a gaban direbobi da 'yan dako, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce, "Ruwa na cikin jininmu, ni na kawo ku tudu. Tahi, Allah Shi yi ma albarka, Shi maido ka." Kawu ya hau mota yana share fuska da hula.

Kifin ya zauna da mu har zafi ya shigo ya fita. Matsoraci ne na gaske. In ka yi tari kusa da garwar sai ya ɓuya, ba ya cin abinci sai an kau da kai, kuma ya fi son fara da gutsuren hanta, har ƙwayar dabino jiƙaƙƙiya yakan gatsa. Wata safiya na tarar da haƙoransa na gefe guda sun zube a gindin garwa, na zo ina kuka, Kaka ya duba ya ce sababbi na nan a ƙasa sun fito. Ranar da ya mutu Kaka ya ce ba za a yar da halal ba. Inna ta soya shi, aka raba wa kowa ɗan ƙanƙane, har mahauci aka aika wa. Ƙaya ta yi masa yawa, amma da daɗi.

Allah Ya karɓi addu'ar tsoho. Kawu ya yi ta zuwa duk sanda jirgi ya kawo shi Jidda, daga baya ya bar teku ya zauna. Da Kaka ya rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe shi a maƙabartar Ma'ala.

Unguwar tamu yanzu babu ita. An rushe, an fasa dutsen, motoci ke wucewa ta inda buzun Kaka yake. 'Ya'yanmu sun watsu, wani Riyad, wani Dammam, wani ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba, kuma ba wanda ke ganin tafiyarsu laifi ce. Da autana ya zo mini da maganar aikin da ya samu a wani jirgin dakon mai, ya shigo yana sanɗa, yana zagaye zagaye, ya ɗauka zan hana. Ina da abin faɗa, don ni ma na so a ce dukansu suna kusa da Ɗaki, suna kusa da ni. Amma na riga na ga shekarun da shiru ya ci wa mutum biyu masu son juna. Tun bai gama bayani ba na ce ya matso, ya kawo kansa in sa masa albarka.